Layin Ɗanmalam Mai Haihuwa

Ɗanmalam ɗan ƙanina ne, saboda haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa na rubuta wannan. Ni na goya shi, na kuma san girman bakinsa tun bai yi haƙori ba. Yana yaro in ya kama fara, kafin ya iso gida ta zama tantabara, kuma ya sake ta don tausayi. Ya girma, gemu ya fito, halin bai motsa ba. Ya yi kiwon kaji, suka mutu. Ya yi sana'ar ƙanƙara a unguwar da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. Daga nan ya faɗo cikinmu, 'yan albasa na Roumdé Adjia, da buhunan da ba su cika amalanke ba da surutun da ya cika kamiyo, babbar motar kaya.

Ƙungiyarmu tana da wakili. Shi ke magana da manyan masu saye na kudu, shi ke cewa wane zai yi lodi yau, wane ya jira. Wanda ya san albasa a zafin Garoua ya san jira ruɓewa ne, don haka kujerar ba ta wasa ba ce. Alhaji Brahim ya daɗe a kanta, sai rana ɗaya ya ce ya gaji, a zaɓi wani. Mun jima muna kallonsa, domin a ƙasar nan ba mu saba jin mai kujera ya ce ya gaji ba.

Mutum biyu suka fito. Hajiya Mairamu, wadda ke jin ƙanshin buhu ta faɗa maka gonar da ya fito, sai kuma ɗan ƙanin nawa.

Ya same ni a rumfa da ambulan a hannu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Goggo, kin san abin da ke cikin nan?"

"Sammaci."

"Zamani ne, Goggo. Kujerar wakili ce a cikin takarda."

Ya zazzage mini a tafin hannu. Sim ne, waɗanda yaran nan ke kira pus, guda takwas, sababbi, launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Ya ce kamfanin waya ya fito da wani tsari: ka sayi forfe ɗaya babba, wato intanet na wata, a ba ka ƙarin sim, duk su riƙa sha daga tukunya ɗaya. Guda ɗaya ita ce uwa, ita ke ɗauke da lambarsa, ita ake kira. Sauran bakwai 'ya'ya ne, intanet kawai suke bayarwa.

"Uwa ɗaya, 'ya'ya suna tsotso," in ji shi. "Zan raba wa masu faɗa a ji. Duk wanda ya buɗe waya, sunana zai tuna."

"Ka taɓa ganin karya mai shayar da bakwai? Haƙarƙarinta ake gani daga nesa."

"Ke ba za ki gane ba. Ga naki."

Na nuna masa wayata mai maɓalli, wadda na ɗaure da roba tun kafin a gyara filin ƙwallo. Na ce ya ba wanda ke da lokacin kallon mutane suna rawa.

Da zai raba shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma Ɗanmalam ba ya yin atishawa sai da 'yan kallo. Ya ari tasar goron kakarsa a wurina, ta tagulla, wadda ba na fitarwa sai suna ko ɗaurin aure. Bayan sallar Juma'a ya tara mutane a ƙofar gidansa, ya jera sim a kan goro, ya sa Malum, mai jan mu salla a masallacin layi, ya yi addu'a. Sannan ya miƙe, ya gyara hula.

"Jama'a ku shaida. Kyauta ce, har abada. Ranar da kuka ga na dawo neman abin nan, ku tofa mini yawu."

Aka shafa. Malum ya karɓi ɗaya. Raphaël, mai shagon kallon ƙwallo a bakin titi, wanda ke da hannun jari a albasa, ya karɓi ɗaya. Dawuda direban kamiyo ya karɓa. Hindu, matar Ɗanmalam, ita ma ta karɓa. Har Hajiya Mairamu ya miƙa wa, da hannu biyu, yana murmushi.

"Hajiya, riƙe wannan, ki fara ɗanɗana irin wakilin da za ki samu."

"Useko," in ji ta, godiya da Fulatanci. Ta sa a rami na biyu na wayarta, ta ɗebi goro, ta tafi.

Abin da ya manta, ko kuma bai taɓa sani ba don bai taɓa ba kowa komai ba, shi ne mu nan ba a cin kyauta a ɓoye. Ko naman layya aka aiko maka, ka yanki na maƙwabci kafin ka ɗora tukunya. Wanda aka ba shi da addu'a, gaban shaidu, in ya riƙe shi kaɗai an gama da sunansa. To wayoyin yanzu suna da wata ƙofa da ake buɗewa, wanda ke kusa da kai ya sha daga intanet ɗinka. Kowa ya buɗe tasa.

Malum ya buɗe wa zaurensa, ya ce ladan na Ɗanmalam ne. Raphaël ya sa nasa a akwatin talabijin, ya rubuta lambar shiga da alli a bango, da manyan baƙaƙe, don masu raunin ido. Dawuda ya tafi lodi Bibémi ya zarce Yagoua, fasinjojin da ke zaune a kan buhuna suna kallon fim tun daga gada har bakin kogin Logone. Hindu kuwa gidan suna ta je, ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma.

Forfen wata bai ga Laraba ba.

Suka zo masa a jere, fuska a ɗaure, kamar waɗanda aka yanke wa ruwa.

"Patron, abin nan naka ya tsaya," in ji Raphaël. "Ana shirin buga fenariti. An kusa fasa mini benci."

"Rezo ne, wato netwok. Iska ta karkatar da eriyar kamfani. Yanzu zan kira babban darakta."

Babban daraktan shi ne mahaucin da ya sayi ragon da Ɗanmalam yake kiwo don salla, kuɗin suka tafi sabon forfe. Da yamma intanet ya dawo, mutane suka ce lallai yaron nan yana da hanya a sama. Shi ma ya yarda.

Na biyu ya ƙare da saurin da ya fi na farko, domin labari ya bazu. 'Yan acaba suka mayar da katangar Malum tasha. In ka wuce sai ka gan su jere, kowa ya sunkuyar da kai, fasinja na kira ba mai ɗagowa. Na ga Ɗanmalam ya nufo su ranar nan da niyyar kora, hannu a baya, fuska kamar ta jami'in haraji. Wani daga cikinsu, wanda ko sunansa ba mu sani ba, ya ɗaga kai.

"Kai ne Mai Rezo? Allah ya ƙara arziki. Har daga ƙetaren Bénoué muke zuwa."

Shi ke nan. Ya tsaya, ƙirji ya kumbura, ya ɗaga musu hannu biyu kamar mai wucewa a buɗaɗɗiyar mota. "Ku sha, 'ya'yana. Ba ya ƙarewa." Washegari fankar ɗakin Hindu ta bar gida, a tsakiyar watan da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Sai ya fito da doka. Ya ce binciken masana ya nuna sim yana buƙatar ƙailula, a kashe daga azahar zuwa la'asar, in ba haka ba ya ƙone.

"Gaskiya ne, kowane rai yana son hutu," in ji Malum. "Sai dai lokacin ne muke sauraron karatu daga Kano. A ba sauran umarni."

Raphaël ya ce ƙwallo ba ta ƙailula. Dawuda ya ce shi a hanya yake, matafiyi kuwa an ɗauke masa wasu dokoki. Hindu ta ce tun da ba fanka, barcin rana ya gagara, me za ta yi in ba kallo ba?

Babur ɗin Ɗanmalam ya ɓace. Ya ce yana gareji.

Na kira shi rumfa, na ce ya zauna.

"Karɓi kayanka."

"Goggo, na rantse gaban mutane."

"To faɗa musu su rufe ƙofofin."

"In ce Mai Rezo ya gaza? Saura ƙiris zaɓe. Kuma ina da abin da zai kwantar da Hajiya."

Abin shi ne Madam Berthe, wata babbar mai sayen albasa a Douala. Ya taɓa ɗaukar mata jaka a tasha, ta ba shi lamba don ya sake ta. Tun daga nan ya ce ƙawarsa ce. Ya yi ta damun ta har ta yarda: ranar Asabar bayan la'asar, lokacin taron zaɓe, zai kira ta a bidiyo gaban kowa, ta faɗi buhu nawa take so a kakar nan. Matar tana neman albasa da gaske, wannan kam ba ƙarya ba ne. Ya riga ya shelanta wa kasuwa duka cewa za su ga Douala da idonsu.

Matsalarsa ɗaya: kada a shanye tukunyar kafin ya ɗaga waya.

Ranar Juma'a ya aika wa duk masu sim cewa su kawo, za a yi musu sabis. Nufinsa ya riƙe su har bayan taro. Suka kawo, amma ba wanda ya tafi. Suka shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa, Hindu ta dafa shayi.

"Ku je, zan aiko muku."

"Ba ma sauri," in ji Dawuda. "Ina son in ga yadda ake yi, ko a hanya ya kama ni."

Ya rasa mafita. Ya sake aro tasar goro, ya ɗauko auduga da kwalbar turare, ya zuba sim ɗin duka a ciki. Raphaël ya leƙa.

"Naka fa, patron? Uwa ba ta wanka?"

"Ita ce kan gaba ma."

Ya cire nasa, ya jefa a ciki. Ya girgiza tasar kamar mai tankaɗe, ya goge kowanne da turare, ya hura masa iska, yana motsa baki. Sannan ya bi mutane yana miƙawa, ya ɗauki na ƙarshe ya mayar a wayarsa. Na ce masa a hankali, "Ka tabbata naka ka ɗauka?"

"Goggo, mutum ya kasa gane uwarsa?"

Intanet ya ci gaba da aiki a wayarsa, don haka bai ga komai ba. Da yamma ya faɗa wa Hindu cewa yau ba wanda ya dame shi da kira, alamar mutane sun fara sanin girmansa.

Asabar da hantsi ya biyo ta rumfata, ya rage murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Na fito daga ajans, ofishin kamfanin waya. Na ce a rufe 'ya'yan duka, a bar uwa ita kaɗai. Na zuba mata forfen da ya fi kowanne. Sun ce zuwa la'asar zai kama."

"Yawun fa?"

"Wa zai sani? Zan ce kamfani ne."

Aka taru ƙarƙashin dalbejiyar bakin sito. Maza a benci, mu mata a kan tabarma, 'yan acaba a gefe don sun ji za a ga Douala. Ɗanmalam ya zo da babbar riga mai aiki har gwiwa, gumi na bin wuyansa. Ya ari lasifikar Raphaël, ya rataya makirufo a wuya da igiya don hannunsa ya samu sarari.

Hajiya Mairamu ta fara. Ta ce ta san hanya, ta san direbobi, ba za ta bar buhun kowa ya kwana a rana ba. Ta zauna. Ko ruwa ba a gama sha ba.

Shi kuwa ya fara daga tarihin albasa. Ya bi ta kan jahilci, ya sauka a kan zamani. Yana cikin cewa a mulkinsa ko jaki zai san farashin Douala, sai gunaguni ya tashi daga wajen 'yan acaba. Raphaël ya duba wayarsa ya girgiza ta. Malum ya ɗaga tasa sama. Dawuda ya cire batir ya mayar.

"Mai Rezo, ya ɗauke."

"Kamfani ne, 'yan'uwa. Ƙananan layuka sukan yi haka. Amma ku dubi babban layi."

Ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani, ya danna sunan Madam Berthe. Wani ɗan zobe ya fito a fuskar wayar yana juyawa. Muka jira. Yana juyawa.

"Douala da nisa," in ji shi.

Ya sake dannawa. Ya hau benci. Ya ce itacen ne ke tare rezo, ya fita rana. Ya dawo, ya hango tulin buhuna a bakin sito, ya tattare riga ya fara hawa. Alhaji Brahim ya ce, "Ɗana, na saman nan waɗanda aka ware ne." Bai ji ba. Ya kai ƙololuwa, ya miƙa hannu sama kamar mai kiran salla, buhun da ke ƙarƙashinsa ya yi wani nishi ya fashe. Ƙafarsa ta nutse har gwiwa cikin ruɓaɓɓiyar albasa, ya zame, ya gangaro buhu bayan buhu, ya dire a gaban tabarmarmu. Warin ya riga shi isowa. Lasifika ta watsa duk abin da ya faɗa a hanya, Malum ya yi ta istigfari.

Sai waya ta yi ƙara. A jakar Hajiya Mairamu.

Ta ciro ba gaggawa, ta duba, ta buɗe murya yadda za a ji.

"Alo? Musye Ɗanmalam?" Muryar mace ce, da Faransanci mai sauri. Ta ce tun ɗazu take zaune tana jiran bidiyon da aka yi mata alkawari, tana da aiki, shi ya sa ta kira layin kai tsaye. Akwai albasa ko babu?

"Akwai, Madam," in ji Hajiya da Faransancinta na kasuwa. "Musye ya ɗan faɗi. Ni ce Mairamu. Ja kike so ko fara?"

Raphaël ya dubi wayarsa, ya dubi ta Hajiya. "Ya aka yi kiran patron ya shiga wurinki? Kuma ya naki ke aiki, namu duka sun mutu?"

Ɗanmalam ya yunƙura daga ƙasa, ɓawon albasa a gemu.

"Miƙo mini nan. Uwar ce a wurinta. Ita kaɗai na ce su bari."

Makirufon yana nan a wuyansa. Har masu shago a tsallaken titi sun ji.

Malum ya ajiye carbi a cinya. "Ita kaɗai ka ce su bari. Sauran fa, me ka ce a yi musu?"

"Ba haka nake nufi ba. Sabis ne na biyu."

"Iskar da ta karkatar da eriya ke nan," in ji Dawuda.

Raphaël ya miƙe yana gyara murya. "Jama'a, akwai wata magana da aka yi a kan yawu. Ina wurin."

"Zauna," in ji Alhaji Brahim. "Zafi ake yi, kowa ya adana nasa. Mu yi abin da ya tara mu."

Hajiya tana gefe duk wannan lokacin, yatsa a kunne ɗaya, suna daidaita ranar lodi da Madam Berthe. Da ta gama ta karanta wa matar lambarta ta asali, sau biyu, a hankali.

Aka ce masu son Hajiya Mairamu su ɗaga hannu. Har 'yan acaba da ba su da ƙuri'a suka ɗaga. Aka ce masu son Ɗanmalam. Ya ɗaga nasa. Ya waiga wajen mata, ya ga hannun Hindu a sama, fuskarsa ta fara saki. Fifita take yi da murfin kwano.

Ya matsa kusa da sabuwar wakiliya, mutane na ja da baya saboda wari.

"Hajiya, kuskure aka yi. Layina ne."

"Ni kyauta aka ba ni, har abada, Malum ya yi addu'a." Ta zuge jaka. "Tun jiya ake ta kirana ana neman ka. Na ɗauka cikin kyautar ne. Af, wanda ya sayi babur ɗinka ya ce ka kai masa takardu, ya gaji da jira."

"Wanda ke gareji?" in ji Hindu.



Hajiya ba ta riƙe layin ba. Ta bari sai da ta shanye forfen nan tas, ita da zauren Malum da shagon Raphaël, domin ta buɗe ƙofa kamar yadda aka saba. Sannan ta ari tasar goron a wurin Hindu, ta aiko masa da uwar a ciki, tare da matattun 'ya'yan da kowa ya mayar, a gauraye, an yayyafa musu turare.

Shi ya kawo mini tasar da kansa, a ƙafa. Ya zauna a bakin rumfa yana gwada sim ɗaya bayan ɗaya, ba ya gane ko wanne.

"Ai da gangan na bar mata," in ji shi. "Kujerar ta yi mini ƙanƙanta. Goggo, ara mini wayarki in kira ajans. Kin san ma, layin nan naki na da ne, irinsa ya fi ƙarfi. Da za ki ba ni shi mako ɗaya..."

Na ɗauke wayar daga kan buhu, na ƙulle ta a bakin zane, na zauna a kan ƙullin.

"Nawa ba ya haihuwa," na ce. "Ajiye tasar, ka matsa daga iska."